Darasi na Shida: Idan Likita Zai Duba Jikinku

Mataki na ɗaya: tambaya kafin a taɓa

Likita ya fi ku sanin cuta, magani na hannunsa, ku kuma kuna kwance cikin ciwo. Shi ya sa mara lafiya kan yi shiru ko da an yi masa abin da bai dace ba. Amma jikin naku ne. Kafin likita ya taɓa mama, ko al'aura, ko dubura, wajibi ne ya faɗi wurin da zai duba da dalilin dubawar, ku kuma ku yarda. In bai faɗa ba, ku ce: "Likita, ina za ka duba, kuma don me?"

Ku karanta wannan tambaya da ƙarfi sau uku, sannan ku rubuta ta a littafinku. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, murya sai ta maƙale. Ba komai, a sake, sannu a hankali za ta fito. Ana yin tambayar tun kuna zaune da kayanku a jiki, kafin ku hau gadon gwaji. Kuna zaune, da kayanku. Wadda ciwon kunne ya kawo ta aka ce ta kwance zane, ta yi tambayar. Wanda ya ji amsa bai gane ba, ya maimaita. Ku sake faɗa: "Ina za ka duba, kuma don me?"

Haba jama'a, har yanzu wasu na cewa ai rashin kunya ne a tambayi likita. Wa ya faɗa muku? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, mugu kuwa shirunku yake nema.

Mataki na biyu: mutum na uku

Ku nemi nas ta shigo, ta tsaya inda take ganin hannun likita. Tsayawa bayan labule ba ta da amfani. A Amurka, Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki, ya riƙa lalata da 'yan mata da sunan magani, wani lokaci iyayensu na cikin ɗakin, ya tare wa iyayen gani da jikinsa. A 2018 aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175.

Mataki na uku: abin lura

Ku kaɗai za ku cire kaya, bayan labule. A rufe sauran jiki da mayafi. Ba a gwajin al'aura babu safar hannu. Yabon surar jiki ko zancen batsa ba ya cikin aiki.

Mataki na huɗu

In kun ga abin da bai dace ba, ku ce "Tsaya!" Dole ya tsaya. Ku rubuta rana, lokaci da sunansa, ku kai ƙara wurin shugabannin asibiti, ko hukumar da ke ba likitoci lasisi, ko 'yan sanda. In fyaɗe ne, a nemi maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72.

Aikin gida: ku rubuta tambayar mataki na ɗaya sau goma.