Nutso kan tarkacen jirgi a ruwan sanyi: kurakuran da yaranmu ke ta maimaitawa

Yaran Sakkwato da ke tafiya karatu Ingila sun samu sabon yayi. Da an yi hutu sai a sa tulun iska a baya, a faɗa teku, a ɗauki hoto kusa da tsohon jirgin da ya nutse, a zuba a Facebook. Ban ga laifi ba, ni ma can na koya, a gaɓar Plymouth. Abin da ya ishe ni shi ne duk wanda ya zo gida ya same ni da labarinsa, kuskuren da na ji a bakin na bara shi zan ji a bakin na bana. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta, in huta.

Jirage biyu aka fi kai sababbi a yankin, duka a Whitsand Bay. Akwai James Eagan Layne, jirgin kaya na Amurka da Jamusawa suka harba a Maris 1945, da HMS Scylla, tsohon jirgin yaƙin Birtaniya da aka nutsar da gangan a 2004. Dukansu ba su wuce mita 25 ba, shi ya sa ake raina su. Alhali takardar shaidar farko ta koyon nutso yawanci mita 18 kaɗai ta yarje maka, kenan saman jirgin ne naka, ba gindinsa ba.

Wanda na fi jin tsoro a kansa ba wanda bai iya ruwa ba ne, gwanin ne. Yaron da ya tashi yana faɗawa Rima a Kwalkwalawa, ko yana nutso a Goronyo, jikinsa ya haddace abu ɗaya: in ka shiga ƙasa, riƙe numfashi. A gulbi wannan shi ne gwaninta. Da tulu a baya kuwa shi ne ajali. Duk mita 10 na ruwa yana ƙara nauyin da ya kai na iskar sama ɗungurungum, don haka iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka taso da ita a ƙirji ba ka fitar ba, kafin ka kai sama ta ninka biyu. Huhu ba ya kuka kafin ya yage, kuma tashin mita ɗaya ko biyu da cikakken ƙirji ya isa ya jawo haka. Wurin da ba zurfi nan ne kumburin ya fi sauri. Ni dai in abin shaƙa ya fita bakina, ko don gyara ne, ina sakin ƴan kumfa a hankali har ya koma. Kuma ba na tasowa fiye da mita 9 a minti, sannan in tsaya minti 3 a mita 5, ko da nutson bai taka kara ya karya ba.

Sai sanyi, kuma a nan ne raina ke ɓaci. Mu da muka saba da digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu, muke rawar ɗari da hunturu, mu ne kuma muka fi kowa ɓoye sanyi don kada a ce mun gaza. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Tekun kudancin Ingila a Maris bai fi digiri 9 ba, ko a ƙarshen bazararsu da ƙyar ya kai 17.

An taɓa haɗa ni da wani ƙanenmu, ɗan nan garin, da ya aro siririyar rigar roba irin ta Bahar Maliya. Na tambaye shi a kwale-kwale, ya ce lafiya lau. A ƙasa duk sanda na yi masa alama sai ya mayar mini da alamar ba komai. Ashe yatsunsa sun daɗe da mutuwa. Da muka fara tasowa iskar da ke cikin rigar ɗagawarsa, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi a ruwa, ta kumbura, ya kasa danna maɓallin da ke sakin ta, sai sama. Na cafke ƙafarsa, ya tafi da ni. Shi Allah ya kiyaye, ko ciwon kai bai yi ba. Ni kuwa kafin magariba kafaɗata ta riƙe, aka sa ni cikin ɗakin matsin iska na kusan awa biyar don kumfar da ta taso a jinina ta narke, na kuma yi watanni likita bai bar ni na taɓa ruwa ba. Da ya zo gaishe ni cewa ya yi, "Wallahi Yaya, kumya ta hana ni in faɗi, ga Turawa nan har da mata ba wanda ya koka." Na ce masa, ƙanena, matan nan busasshiyar riga ce a jikinsu, wadda ruwa ba ya shiga, da bargo a ciki, kai da me ka shiga?

Tun ranar na kafa dokata. Ba na yarda da alamar "lafiya" a ruwan sanyi. Sai na miƙa hannu abokin nutsona ya matsa, in na ji matsar ba ƙarfi, nutso ya ƙare, ko minti goma bai cika ba. Wasu masu koyarwa suna ganin na cika tsanani. Su gani. Kuma duk wanda zai shiga ruwan da bai kai digiri 12 ba, ni a wurina busasshiyar riga ce dole, amma bayan ya koye ta a tafkin horo, domin in iska ta gudu ƙafafu za ka tsinci kanka kai ƙasa ƙafa sama kana tashi. Abin shaƙa ma a duba: ƙasa da digiri 10 yana iya daskarewa ya riƙa zubar da iska ba tsayawa, don haka a nemi wanda aka ƙera don ruwan sanyi, kuma kada a tsaya ana hura shi a kwale-kwale.

Leƙa cikin jirgi kuma, ku bari. Ƙofa a buɗe take, haske na shigowa, sai ka ce bari in ɗan shiga in fito. Bugun ƙafa biyu ya isa ya tada lakar shekaru, ka rasa ko tafin hannunka, tocila ba ta da amfani, kamar fitilar mota cikin ƙurar hunturu. An yanka wa Scylla manyan ƙofofi tun kafin a nutsar da shi, duk da haka mutum biyu sun mutu a cikinsa a 2007, wasu biyu a 2021. Shiga ciki horo ne daban, da igiya, da raba iska kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya ba a taɓa shi.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna cizo. Kada ka jibga darmar ƙarin nauyi a ƙugu don ka nutse da wuri. Fara buɗe kunne, wato daidaita matsin da ke cikinsa, tun kana sama, ba sai ya yi zafi ba, in kana mura ka zauna a gida. Riƙe almakashi ko wuƙa, domin tarkace ba ya rabuwa da zaren kamun kifi. In matuƙi ya ce a shiga yanzu ruwa ya kwanta, shiga, igiyar teku ba ta jiran mai ɗaukar hoto. Ka koyi harba jan balan-balan daga ƙasa don kwale-kwale ya san inda za ka ɓullo. Ka fito da sauran iska, bar 50 a ma'aunin tulu. Kada ka ɓallo komai daga jirgi don tsaraba, a can doka ce a kai rahoton duk abin da aka ciro, wasu jiragen ma kaburbura ne.

Abu biyu kuma namu ne, malamin can ba lallai ya tuna ya tambaye ka ba. In kana da sikila, nutso da tulu ba naka ba ne, kuma ko AS kake ko kana da asma, likitan nutso ya fara ganinka. Ni ba na nutso da azumi a bakina, don ƙarancin ruwa a jiki yana taimaka wa ciwon kumfar nan. Masu yin nutson bankwana ana gobe za su hawo jirgin saman Abuja kuwa, ƙa'ida a jira awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau, 18 in an maimaita. Ni 24 nake bari.