Yadda na gyara motata bayan na kusa sayar da ita

Motata ta haura shekara 15 a hannuna, ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ranar da allurar zafi ta hau ja. Salansa na fitar da farin hayaƙi, ruwan lagireto kullum raguwa yake yi. Da na zaro sandar awon baƙin mai, sai na ga man ya yi fari-fari kamar laka, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Gabana ya faɗi.

Bakanike na farko ko buɗe injin bai yi ba, ya ce in rabu da ita. Hankalina bai kwanta ba, na kai wa wani. Shi ya auna matsin iska a kowace silinda, biyu da ke maƙwabtaka suka nuna rauni, alamar gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangarsa, ya ƙone a tsakaninsu. Da aka ɗaga kan injin, zafi ya ɗan lanƙwasa shi amma bai tsage ba, fistin kuma lafiya lau.

Nan na zauna na yi lissafi. Abin da za a saye ta a lalace, in na ɗora masa kuɗin gyara, bai kai darajarta ba in tana tafiya. Giya ƙalau, ƙarƙashinta ba tsatsa. Da gangar injin ce ta tsage, wallahi da na haƙura.

Aka goge kan injin ya daidaita, aka sa sabon gasket, aka canja tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, don maƙalewarsa ce ta jawo zafin tun farko. Baƙin mai sau biyu na sa aka juye, don kada ragowar ruwa ya ci bearin.