Yadda za ka zauna a gidan cin abincin Sifaniya ka tashi ba ka ci alade ba

Ranar da abokan aikina suka ce mu je Segovia cin abincin rana, na san abin da zai kai su. Garin yana arewacin Madrid, tafiyar kusan rabin sa'a a jirgin ƙasa mai gudu, kuma abin da ya yi suna da shi bayan tsohuwar gadar ruwa ta Rumawa shi ne cochinillo, wato ɗan jaririn alade da ake gasawa ɗungurungum a tanda. Yana yin laushi har mai gidan ya zo ya yayyanka shi da gefen faranti a gaban baƙi. Na je, na zauna da su sa'a biyu, na ci na ƙoshi, kuma ban taɓa abin da addinina ya hana ni ba. Duk ɗan uwan da karatu ko aiki ya kawo shi ƙasar nan, wata rana za a gayyace shi irin wannan wuri, don haka ga yadda nake yi.

Alade da ka gani a fili ba shi ne abin tsoro ba. Cinyoyin da ke rataye a saman kanta, waɗanda suke kira jamón, kowa ya gan su ya san mene ne. Wanda ke kama mutum shi ne ɓoyayyen. A watana na farko na ce wa wani mai kawo abinci ba na cin nama, ya ce babu damuwa, ya kawo mini koren wake da aka soya da tafarnuwa. Sai da na kai cokali kusa da baki na ga jajayen gutsattsari a ciki. Da na yi magana, mamaki ya yi, ya ce ai wannan ɗan jamón ne kawai. Ba ha'inci ya yi mini ba. A wurin mutane da yawa a nan, jamón kayan ɗanɗano ne, kamar yadda uwargida ke jefa daddawa a miya ba ta lissafa ta cikin abin da ta dafa.

Saboda haka kada ka tsaya a kan "ba na cin nama". Ka ce no como cerdo, wato ba na cin alade, sannan ka kira sunayen ɗaya bayan ɗaya: jamón, chorizo, tocino, panceta, morcilla, manteca. Chorizo shi ne jan tsiran da ake cusawa a hanji da garin jan tattasai. Tocino da panceta yankan kitse ne. Morcilla da jini ake yin ta. Manteca kuwa narkakken kitsen alade ne, shi ne mafi wuyar ganewa domin ba ya barin alama a faranti. Na rubuta waɗannan kalmomi shida a wayata, har yau idan wuri ya cika da hayaniya sai in nuna wa mai kawo abincin ya karanta da kansa. A kan takardar jerin abinci kuma akwai sunayen da ba za ka zaci alade ba ne: lomo, secreto, presa, pluma, torreznos. Duk inda ka ga kalmar ibérico, tsallake.

Kada alamomin da ke gefen takardar su ruɗe ka. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai da kifi. Alade ba ya cikinsu. Rashin alama ba ya nufin komai a gare ka.

Abincin tukunya shi na fi yi wa kaffa-kaffa. Cocido na Madrid, fabada ta yankin Asturias, da lentejas, faten wani ƙanƙanin wake da ake yawan sa wa a abincin rana, duka da ƙashi da tsiran alade ake dafa su tun daga farko. Ko an tsame naman, romon ya riga ya sha. Croquetas, ɗan dunƙulen da ake soyawa kamar ƙosai, galibinsu na jamón ne. Salmorejo na Kordoba, miyar tumatir mai sanyi mai kauri, ita kanta tumatir ce da burodi da tafarnuwa da man zaitun, amma ana barbaɗa mata jamón da dafaffen ƙwai a sama, sai ka ce a kawo maka sin jamón, wato babu jamón, tun kafin a zuba. Kayan zaƙi ma ba su tsira ba: polvorones da mantecados da ake rabawa lokacin Kirsimeti, da ensaimada ta tsibirin Mayorka, da kitsen alade ake kwaɓa su a gargajiyance. A Segovia wani abokina ya ce in ci gasasshen ɗan rago tunda ba alade ba ne. Na tambaya, aka ce a gidan suna shafa masa manteca kafin ya shiga tanda. Ga kuma maganar yanka, wadda kowa ya san matsayin da ya tsaya a kai. Ni dai na bar shi.

To me za ka ci? Abu ne da yawa, kuma mai daɗi. Tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin turawa, kusan ko'ina akwai ta. Pimientos de Padrón, ƙananan koren tattasai soyayyu da gishiri. Jatan lande a cikin man zaitun da tafarnuwa, gambas al ajillo. Gasasshen kifi, wanda ko gidan da ya shahara da alade ba ya rasa ɗaya ko biyu. A Segovia kifin na ci, da salak da burodi. Na roƙi a gasa shi a kasko daban, domin faifan ƙarfen da suke gashi a kai guda ne ga komai, kuma ba su yi musu ba. Idan miya ce a kan kifi ko nama, tambayi ko an zuba vino, domin giya na shiga girkinsu sosai. Abin sha kuwa ka nemi ruwa ko mosto, ruwan inabi ne da bai zama giya ba. A Granada, inda ake haɗa maka ɗan abin taɓawa kyauta da duk abin shan da ka saya, faɗi buƙatarka tun lokacin da kake neman abin shan, in ba haka ba abin da ke hannu za a ajiye maka.

Wani abu da ke sa ni yin wannan tambaya da natsuwa shi ne tarihin ƙasar. Bayan faɗuwar Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, a 1492, Musulmi da Yahudawan da aka tilasta wa sauya addini an riƙa sa musu ido, kuma ƙin cin alade na cikin abin da ake kai ƙarar mutum a kansa, har zuwa korar da aka fara yi wa jikokin Musulmin a 1609. Yau ina faɗin no como cerdo da murya a tsakiyar gidan abinci, mai kawo abincin ya gyaɗa kai ya shiga ya tambayo mai girki. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Idan kai ne za ka zaɓi wurin, ka huta da duk wannan. A unguwar Lavapiés ta Madrid akwai gidajen abincin 'yan Senegal da 'yan Maroko, a Granada kuma titin Calderería Nueva cike yake da masu shayi da abincin halal. Idan kuwa gayyatarka aka yi, ka kira gidan tun da safe ka shaida musu. Abincin rana ba ya kankama sai wajen ƙarfe 2, don haka mai girki yana da lokacin da zai tanadar maka kifinka.