Shawara ga kafintoci kan injin samfefa na kan tebur

Salamu alaikum 'yan'uwa. Mai shirin shiga Kano sayen injin nan da sandarsa ke juyawa tana hawa da sauka, ya fara duba lambar wuta a jikinsa. Na gwanjo da ake kawowa daga Amurka yawanci na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka jona shi ga janareta ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, nan take zai ƙone.

Amfaninsa yana wajen lanƙwasa: ƙafar kujera, kan gado, cikin da'ira inda hannu ke wahala. Fuskar ƙofa ba aikinsa ba ce, rami zai yi mata.

Kada ka biya sai ka tabbatar ana samun samfefar da ke shiga sandar, don a ƙauye ba za ka same ta ba. Fara da samfefa mai kaushi lamba 80, ka gama da mai laushi lamba 120 ko 150. Tura katakon ya tari juyin sandar, a hankali, hannu na tafiya. In ka danne wuri ɗaya, baƙin tabon ƙuna zai fito, musamman a maɗaci. Yaran shago su sa takunkumi, ƙurar nan ta fi ta zarto laushi, ƙirji take sauka.