Yadda zaka gwada kiyashi a gida kaga tsari ba tare da shugaba ba

Jama'a duk wanda ke zaune gidan haya a Agege ko Idi-Araba ya san kiyashi basa raina ko ƙwayar sukari ɗaya, toh kafin ka ɗauko fiya-fiya dan Allah ka basu awa ɗaya, akwai ilimi babba a wajen nan.

Ka samu faranti ka zuba ruwa kaɗan, ka sa dutse a tsakiya, a kan dutsen ka ɗora murfin kwalba da ruwan sukari. Ruwan farantin shi zai hana su bi ta wani waje. Sai ka yanko kwali ka yi gada daga bakin raminsu zuwa dutsen, amma gadar ta rabu biyu a tsakiya sannan ta sake haɗewa, reshe ɗaya gajere ɗayan ya ninka shi tsawo. Kar ka yi a inda iska ko fanka ke bugawa.

Yanzu ka zauna da biro da takarda, duk bayan minti biyar ka ƙirga kiyashi goma da suka iso mararrabar, nawa suka bi nan nawa suka bi can. Da farko zaka ga kusan rabi da rabi ne, ba zaka iya cewa ga inda na gaba zai bi ba. Wannan rashin tabbas ɗin shi wani masanin lissafi Claude Shannon ya samar wa ma'auni mai suna bit a 1948 yana aiki a Bell Labs a Amurka, zaɓi biyu masu daidai da juna bit ɗaya kenan. In ya koma tara cikin goma suna bin gajeren reshe, lissafin ya sauko ƙasa da rabin bit. Wato rashin tabbas ya ragu, garken ya samu labari, kuma wallahi ba wanda ya basu umarni, sarauniyar ma ƙwai kawai take sakawa.

Abinda ke faruwa shine kowanne yana barin wani sinadari mai wari a ƙasa, feromon, wanda ya bi gajere ya riga dawowa, warin can ya fi saurin taruwa, na baya su bi inda ya fi ƙarfi su ƙara nasu a kai. Wani masani Deneubourg da abokan aikinsa a Beljiyam sun yi irin gwajin nan a 1989 da kiyashin Ajantina, har suka ga in an makara ba'a sa gajeren ba sai da suka saba da dogon, yawanci basa canzawa. Ka gwada wannan ma washegari, ni shi yafi burge ni. Ba kowane irin kiyashi ke amsawa haka ba, in naka sun ƙi ka nemi wani rami.

Sannan ka goga yatsa a tsakiyar layin kaga yadda zasu rikice su watse kafin su sake ɗinke hanyar.

In da yara a wajen ka nuna musu cewa ƙwaƙwalwa ma haka take, ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 ba guda ɗaya da ke mulkin sauran, mahaɗar tsakanin ƙwayoyin da ake yawan amfani da ita ita ke ƙara ƙarfi, wani masani Donald Hebb ya kawo wannan tunanin tun 1949, shi yasa mai hadda baya wasa da tilawa. Ka basu biron su yi ƙirgar zagaye na biyu da kansu, kai ka riƙe agogo.