Kurakuran da aka fi yi wajen sa kwamfuta ta danna linzami da kanta

Duk wanda ya taɓa cike fom iri ɗaya sau ɗari ya san daɗin ranar da ya gano PyAutoGUI ko AutoHotkey, kayan aikin rubuta shirin da ke sarrafa linzami da maɓallan kwamfuta. Layi biyar kacal, sai ka ga kibiya tana yawo tana dannawa da kanta. Amma kafin ka rubuta layin dannawa, fara tanadar hanyar tsayarwa, don a nan yawancinmu muka fara tuntuɓe.

PyAutoGUI na da birki: ka wurga kibiyar zuwa kusurwar hagu ta sama, shirin ya tsaya nan take. Mutane kan cire shi da FAILSAFE = False saboda saƙon kuskuren ya ishe su. Ni ma na yi haka wani dare. Kibiyar ta ƙwace, duk inda na ja linzami sai ta koma, tagogi na ta buɗewa a kan juna, sai da na danne maɓallin kashe kwamfutar, aikin da ban adana ba ya tafi. Ka bar birkin nan yadda yake. Haka ma PAUSE, kada ka mayar da shi sifili. Daƙiƙa 0.1 da yake jira bayan kowane umarni ita ke ba hannunka damar isa kusurwar.

Sai maɓallin kunnawa da kashewa, wanda ya fi komai wahalar da masu koyo. Ka ce F6 ya kunna, ya kuma kashe, amma ka danna shiru. Dalili biyu ne. Idan yatsanka ya ɗan daɗe a kan maɓalli, kwamfuta na maimaita dannawar, sai shirin ya kunnu ya mutu ya sake kunnuwa kafin ka ɗaga hannu. A pynput, kayan aikin Python da ke sauraron maɓallai, ɗora canjin a kan on_release (sakin maɓalli) maimakon on_press (danna maɓalli). Na biyun ya fi ɓoyuwa: idan ka sa zagayen dannawa a cikin aikin da ke sauraron maɓalli, mai sauraron ya shagala, ba zai ji dannawarka ta biyu ba. Ba zagayen zarensa daban da threading, wato ya riƙa gudana a gefe shi kaɗai, mai sauraro ya riƙa juya True da False kawai. A AutoHotkey kuwa, sai ka sa #MaxThreadsPerHotkey 2, in ba haka ba F6 na biyu ba zai samu shiga ba.

Lambobin wuri ma na yaudara. Abin da ke 800, 450 a kwamfutarka ba nan yake a ta abokinka ba, musamman idan Windows ta ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. Gara ka ɗauki hoton abin da kake son dannawa a kan allo, umarnin locateOnScreen na PyAutoGUI ya nemo shi.

Akwai kuskuren da ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Umarnin write na PyAutoGUI bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba, tsallake su kawai yake yi. Ka ce ya rubuta "ƙasa", ka tarar da "asa" a cikin fom. Kwafi kalmar da pyperclip.copy, sannan ka liƙa ta da hotkey na ctrl da v.

In kuma komai daidai ne amma dannawar ba ta kamawa, duba izini. A Windows, manhajar da aka buɗe da ikon admin ba ta karɓar dannawa daga shirin da ba shi da wannan ikon. A macOS sai ka ba Terminal izini a ƙarƙashin Accessibility, a Linux kuma PyAutoGUI da takwaransa xdotool tsohon tsarin nuni na X11 suka sani, ba sa aiki sosai a sabon tsarin Wayland.