Shirin Ganawar Neman Aikin Rubuta Manhaja daga Maradi

Galibin kamfanonin da ke ɗaukar masu rubuta manhaja suna Yamai ne ko ƙasashen waje, saboda haka ganawar farko ta kiran bidiyo a Zoom ko Google Meet ake yin ta. Ka cika batirin kwamfutarka tun da dare, ka tanadi layin waya na biyu, domin a zafin Afrilu wuta kan ɗauke ba zato.

Gwajin aiki shi ne mataki mafi nauyi. Za a ba ka matsala, misali tsamo sunayen da suka maimaitu a jerin abokan ciniki, a ce ka warware ta da Python, wani harshen rubuta manhaja, cikin ƙasa da awa ɗaya ana kallon allonka. Kada ka yi gum. Ka tambayi girman jerin, ka faɗi hanyar da ka zaɓa da dalilinta, sannan ka rubuta. A ganina, mai bayyana tunaninsa ya fi mai saurin hannu samun karɓuwa, ko da ya yi tuntuɓe.

Idan daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ka fito, ka ɗora aikin kammala karatunka a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ka saba da bayaninsa da Faransanci da Ingilishi. Batun albashi kuwa, ka bari su fara tayawa.